Wadda Za Ta Wanke Inna Tabawa

Ku gyara zama. Ke kuma da kike ta leƙen ƙofa, ki haƙura, tukunyarki ba za ta gudu ba. Ni labari kawai zan bayar, hukunci naku ne, kuma ba wanda zai naɗe tabarmar nan sai an yanke shi.

A garinmu an yi wata ungozoma, Inna Tabawa. Rabin mutanen da ke kai-komo a kasuwa yau a hannunta suka faɗo, har da masu gemun nan da ke hura mana hanci. Doguwar mace ce mai kaifin harshe, ba ta da wasa a ɗakin haihuwa. In mai naƙuda ta buɗe baki za ta yi ihu, sai Tabawa ta tura mata asuwaki tsakanin haƙora ta ce, "Ciji nan, kada ki tara mana mutane." In ta tambaye ki yaya jiki, amsa ɗaya take so ta ji: da sauƙi. Ku ma kun san halinmu. Bahaushe ko hanjinsa na waje, ka ce masa yaya jiki, zai ce maka da sauƙi. To Tabawa ita ce malamar wannan karatu.

Addu'arta kuwa kowa ya haddace ta, don bayan kowace salla sai ta yi ta da ƙarfi: "Ya Allah, kada ka ɗauke ni ina ihu, kada ka ɗauke ni ina barci. Ka ɗauke ni ido biyu, da kalmar shahada a bakina." Wannan ne kaɗai abin da ta roƙa wa kanta a duniya, kuma shi ne ya zo ya yi wuyar samu.

'Ya'yanta uku ne, duk mata. Hansai ce 'yar fari, wadda kakarta ta goya. Saboda kunyar 'yar fari Tabawa ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce "waccan", ba su kuma taɓa zama sun yi hira ido da ido ba. Sai Barira, mai baki kamar uwarta, wadda ta ɗan bi ta ɗakunan haihuwa tana riƙe mata ƙwarya. Sai Ladidi auta, mai koyarwa a firamare, mai sanyin hali.

Ciwon daji ne ya kama Tabawa a nono, ta kuwa ɓoye shi fiye da shekara. Tana naɗe wurin da tsumma, tana cika ɗaki da turaren wuta, har mata suna tsokanarta wai ko sabon aure take shiri. Ranar da turare ya kasa rufe warin, 'ya'yan suka tsare ta suka kwance tsumman. Ladidi ta zube a wurin. Abin da suka gani ba nono ba ne kuma, rami ne, kuma matar da ke ɗauke da shi jiya-jiya ta karɓi haihuwa a maƙwabta.

A babban asibitin birni aka ce ciwon ya riga ya shiga ƙashi, wuƙa ba ta da sauran aiki. Aka haɗa su da wani sashe da ba ya alkawarin warkarwa, aikinsa kawai ya rage wa mara lafiya azaba a kwanakin da suka rage masa. Likitar wurin, Dakta Murja, takan biyo marasa lafiya har gida ita da nas. Dangi suka kewaye ta a baranda, ƙanin Tabawa, Kawu Ɗanlami, yana gaba, suka roƙe ta don Allah kada ta gaya wa tsohuwa. Ta ce ita ba za ta yi mata ƙarya ba, in ta tambaya za ta faɗa. Tabawa kuwa ba ta tambaya ba. Aka dawo da ita gida, kowa ya shigo sai ya ce, "Inna, ai da sauƙi, jiki ya yi kyau." Ita ma ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Nan matsala ta fara. Akwai magani mai ƙarfi da ake kira mofin, wanda ke kwantar da irin wannan ciwo, amma ba a ba da shi da ka. Sai mara lafiya ya faɗi inda ciwo ya kai, a auna masa daidai, balle tsohuwar da ƙodarta ta fara gajiya. Dakta Murja ba baƙuwa ba ce, ta san halin mutanenta. Takan durƙusa ta ce, "Inna, ba gaisuwa nake yi ba, tambaya ce ta aiki. Yaya ciwon?" Tabawa ta ce da sauƙi. Likita ta ce to ta nuna mata da yatsu, in kaɗan ne ɗaya, in ya kai maƙura goma. Tabawa ta ɗaga ɗan ƙaramin yatsa, har da murmushi. Likita ta ga gumi a goshinta, ba ta yarda ba, ta ba da matsakaicin magani ta tafi ranta ba daɗi.

Barira ce ta gano abin da ke ƙarƙashin murmushin. Wata safiya tana kakkaɓe shimfiɗa, ta ɗaga katifa, sai ga tarin asuwaki a jere, kowanne an tauna shi har ya zama zare. Duk da jini a jikinsu. A cikin ɗaya kuwa haƙori ne a kafe, turmi guda, ya karye ya zauna a itacen. Barira ta tsaya riƙe da shi, ta gane cewa duk lokacin da suka fita suka bar uwarsu wai ta huta, abin da take yi ke nan.

Da wata ce, da ta ruga da kuka ta tona. Barira ta san in ta yi haka tsohuwa za ta ƙara ƙulle bakinta. Sai ta jira ranar zuwan likita, ta zauna a bakin gado kamar mai neman shawara, ta ce, "Inna, an kira ni kan wata mai naƙuda, na rasa gane inda ta kai. Ba ta ihu, amma tana cin asuwaki har haƙorinta ya karye. In ke ce a kanta, me za ki ce?"

Tabawa ta dube ta, ta dubi likita. Sa'an nan ta mai da ido rufin ɗaki, ta yi magana da muryarta ta aiki. Ta ce, "Wannan ɗa a gicciye ya zo. Tun kafin azumi yake turo ta ta baya, ta ƙugu, ta haƙarƙari, ba ya fita, ba ya komawa, ba ya ba ta hutun da naƙuda ke bayarwa. In da mai taimakonta, ya taimake ta."

Dakta Murja da ta ga ciwo iri-iri sai da ta share ido. Ta bi ta wannan hanyar ta yi ta tambaya kan "waccan matar", ina ne ya fi, yaushe yake tashi, Tabawa tana amsawa dalla-dalla. Ran nan aka rubuta mata mofin. Amma da likita ta fita, Tabawa ta ce wa Barira, "Kin yi mini wayo, kin tsiraita ni gaban baƙuwa." Ta yi kwanaki ba ta karɓar ruwa daga hannunta.

Rubuta magani daban, samunsa daban. Ladidi ce ta ɗauki wannan. Aka ce ya ƙare a nan, ta tafi can, can ma aka ce sai wani mako, ta yi ta zarya a mota da goyo a bayanta har ta samo kwalba. Ta ajiye aikinta, ta bar wa mijinta gida, ta tare a ɗakin uwarta. Nas ta koya mata yadda ake zuƙo ruwan maganin da sirinji a ɗiga a baki, a kan lokaci, ba sai ciwo ya tashi ba. Ta koya mata wanke ramin nan da ruwan gishiri, da daka wata ƙwaya a barbaɗa don kashe wari. Yarinyar da ta suma ranar farko ita ce ta koma sa hannu a ciki safe da yamma. Kafin mako ya zagayo warin da ya kori 'yan dubiya ya ɗauke, Tabawa ta yi barcin da ta manta irinsa, asuwaki ya bar ƙarƙashin katifa.

Kawu Ɗanlami dai bai so ba tun farko. Ya ce wannan ƙwaya ce ta 'yan maye, da ita ake sallamar mutane a asibiti, za ta sa 'yar'uwarsa ta tafi ba shahada. Sai ga shi wata ranar Laraba an tashi Tabawa ta ƙi tashi. A girgiza ta, ta buɗe ido ta rufe. Numfashi ya ja baya, hannu na zabura shi kaɗai. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, matar da ba ta taɓa rasa salla ba tana kwance kamar itace. Gida ya cika. Kawu ya nuna Ladidi da yatsa a tsakar gida ya ce, "Kin kashe ta. Abin da ta roƙi Allah kada ya same ta, ke kika ɗura mata shi da hannunki." Ya ɗauki kwalbar zai fasa, Ladidi ta kama ta da hannu biyu ta ƙanƙame a ƙirji, ya mare ta, ba ta saki ba.

Da likita ta iso ta ce ba Ladidi ce ta yi kuskure ba. Ƙodar ce ta ƙara rauni, maganin ya daina fita daga jiki, awon da ya yi daidai makon jiya ya zama ya yi yawa yau. Ta ce a dakata, in ta farka a rage, a tsawaita tsakani. Ta kuma faɗi gaskiya: tsakanin ihu da barci 'yar siririyar hanya ce, kuma kullum tana matsawa, sai wanda ke zaune da ita ne zai iya bin ta. Dangi suka ce a zubar da maganin baki ɗaya. Ladidi ta ƙi. Ta zauna tana kallon idon uwarta, tana kallon goshinta, tana kiran nas a waya, a rage kaɗan, a ƙara kaɗan, da shatin yatsun Kawu a kumatunta, har aka dace. Tabawa ta dawo ido biyu, ba ciwo, ta nemi kunu, ta rama sallolinta a zaune. Da ta ji abin da ya faru ta ce wa Ladidi, "Saura kaɗan ki aika ni a makance." Ba ta ƙara ko kalma a kai ba.

To, da aka ga ta zauna tana shan kunu, sai "da sauƙi" ta samu gindin zama. Kowa ya ce ai warkewa ce. Kawu ya samo labarin wani mai magani a can wata jiha mai nisa, wai yana cire daji da ƙaho, ya shirya mota. Likita ta ce ƙashin bayanta ya zama kamar busasshen kara, hanyar nan za ta iya karya shi, kuma da wuya ta kai. Aka ce likita ba Allah ba ce. Barira da ta fi kowa hana a gaya wa tsohuwa gaskiya ta yi shiru. Ladidi ta gaji da faɗa. Tabawa kuwa da aka ce mata za a je a ƙarasa warkewa, ta ce to, ta sa aka ɗaure mata kaya.

Hansai duk wannan lokaci tana bakin murhu. Ita ke dafawa, ita ke wanki, ba ta wuce bakin ƙofar ɗakin sai in tsohuwa na barci. Da safen da mota ta tsaya a ƙofar gida, ɗaki cike da mata 'yan sallama, sai ga ta ta shigo ta ratsa su. Ta zauna a kan gadon, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta, ta dubi uwarta cikin ido.

Ta ce, "Inna, babu sauƙi. Ciwon nan ba ya warkewa, likita ta gaya mana tun ranar farko muka ɓoye miki. Kwanakin da suka rage kaɗan ne. In kin shiga motar nan, a hanya za ki cika."

Ni da nake ba ku labari, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Wata ta saki kofi. Wata ta toshe kunne tana salati. A ce 'ya ta dubi uwarta ta yi mata bushara da mutuwa, kuma 'yar fari? Kawu ya leƙo ya ce ta fita, ta zama annoba, ta shiga hurumin Allah. Barira ta ja ta da ƙarfi har ɗankwalinta ya faɗi. Tabawa kuwa ta juya fuska bango, ta ƙi ci, ta ƙi magana, mota ta gaji da jira ta tafi. Gari ya ɗauka cewa abin da auta ta kasa da kwalba, babbar ta ƙarasa da baki.

A rana ta uku Tabawa ta juyo. Ta ce a kwance kayan. Ta ce, "Ni da jikina, a ce ban sani ba? Ina ce muku da sauƙi don kada ku karaya, kuna ce mini da sauƙi don kada in karaya, muka bar aiki a ƙasa. Ku nemo mini Gambo."

Sai da aka yi tunani kafin a tuna wace ce Gambo. Wata mata ce a ƙauyen gaba da Tabawa ta taɓa zama a kan haihuwarta shekaru da yawa da suka wuce. Ta yi ta ihu, Tabawa ta daka mata tsawa ta ba ta asuwaki. Daga nan duk tambayar da aka yi mata sai ta ce da sauƙi, aka yi ta jira, ashe ɗa a gicciye yake. Kafin a kai ta asibiti ya mutu, ita kuma ta fito da yoyon fitsari, aure ya mutu, ba ta sake haihuwa ba. Tabawa ta ce ƙaddara ce, ba ta taɓa taka ƙafa ta je ba.

Aka zo da Gambo, ta tsufa ta rame, ta rakuɓe a bakin ƙofa kamar yadda ta saba rakuɓewa a ko'ina. Tabawa ta ce ta matso. Ta ce, "Gambo, yaya jiki?"

Gambo ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi, Inna."

Nan Tabawa ta fashe da kuka, matar da ciwon daji bai sa ta zubar da hawaye ba. Ta ce, "Ni na sa miki wannan kalma a baki. Cire ta, ki gaya mini." Aka fita aka bar su. Gambo ta yi magana tun hantsi har azahar, ba wanda ya san abin da ta faɗa, amma da ta fito idonta a kumbure ta ce ta yafe duniya da lahira.

Bayan haka Tabawa ba ta daɗe ba. Ta yi sallama da kowa, ta nemi gafarar Kawu, shi ma ya nemi tata. Ranar Juma'a da hantsi ta kira aminiyarta Hajjo, 'ya'yan uku suna tsaye, ta ce, "Jikin nan ya sha kallo. Ban yarda a taru a kaina ba. Hannu ɗaya ne zai wanke ni, mai zuba ruwa ta tsaya bayan labule. Wadda ta kawo mini sauƙi, ita za ta yi." Hajjo ta ce wace ce a ciki? Tabawa ta buɗe baki, sai numfashi ya sarƙe. Ta kira sunan Barira sau ɗaya. Hannunta yana cikin na Ladidi, ta matse shi. Idonta kuwa yana kan Hansai, bai kauce ba. Ta ɗaga yatsa ta yi kalmar shahada, kowa ya ji, ta cika ba ihu, ba barci.

Kun san gawa ba ta jira. Aka ɗora ruwa, aka kawo likkafani, maza suka aiko cewa kabari ya kusa, ana so a sallace ta bayan an sauko daga masallaci. Hajjo ta ajiye ƙwaryar wanka a ƙofar ɗaki, sai hannu uku suka sauka a kanta lokaci guda. Suka dubi juna, kowacce ta firgita da ganin 'yan'uwanta ma sun miƙo.

Masu goyon Barira suka ce ba don ita ba, da tsohuwa ta ƙare tana cin itace a ɓoye, ba a rubuta magani ba balle a auna shi, kuma sunanta ne na ƙarshe da aka ji. Aka ce musu ai kiran suna ba zaɓe ba ne, wataƙila ruwa za ta ce ta miƙo, kuma Barirar ce ta yi shiru za a sa uwarta a mota.

Masu goyon Ladidi suka ce gano ciwo ba ya kwantar da shi. Ita ta samo maganin, ita ta sha mari a kansa, ita ta tsare tsohuwa ido biyu har ta iya sauraron Hansai, ita ta kori warin da zai hana Gambo zama, kuma hannunta ne ya saba da ramin. Aka ce musu ai hannun nan ne ya kusa aika ta a makance, da bakinta ta faɗa.

Masu goyon Hansai suka ce ba don ita ba, da an tsinci gawa a bayan mota da haƙƙin Gambo a wuya, duk wahalar sauran ta tashi a banza. Suka ce da Barira ko Ladidi take nufi, me zai hana ta faɗi suna tun farko? Mutum ɗaya ce a duniya ba ta iya kiran sunanta. Aka ce musu ai kalmar da ta fito daga bakin Hansai ita ce "babu sauƙi", kuma kwana uku ta sa tsohuwa ta yi tana kallon bango.

Ruwa yana hucewa, an fara kiran salla, Hajjo tana tsaye da labule a hannu, ƙwarya ɗaya ce kuma wasiyya ta ce hannu ɗaya. Kada wani ya ce mini su shiga tare, marigayiyar ta riga ta hana.

To, ku da kuka ji duka: tsakanin Barira da ta buɗe bakinta, da Ladidi da ta kwantar da ciwonta, da Hansai da ta gaya mata babu sauƙi, wace ce ta kawo wa Inna Tabawa sauƙi, har ta cancanci ta ɗaga labulen nan ta shiga?